Lubban, Farce da Kajiji: Tarihin da Ke Cikin Kaskon Turaren Zango

Duk wanda ya taɓa ratsa lungunan Nima ko Mamobi da hantsin ranar Juma'a ya san ƙanshin da za mu yi magana a kansa yau. Tun kafin ladan ya yi kiran farko an zuba garwashi a kasko, an barbaɗa turare, an kifa kabbasa an shimfiɗa rigar maigida a kai. Hayaƙin ya ratsa shadda, ya fita ta ƙofa, ya iske maƙwabta a tsakar gida ko suna so ko ba sa so. Da wannan hayaƙi ake tarar amarya a ɗakinta, da shi ake turara ɗakin mai jego, da shi kuma ake turara likkafani ranar da mutum zai koma ga Mahaliccinsa. Ke nan ɗan Zango cikin turare yake shigowa duniya, cikinsa kuma yake barinta.

Amma a gwada tsayar da saurayi ko budurwa a bakin kasuwar Nima a tambaye su me ke ƙonewa a cikin kaskon. Amsar da aka fi samu ita ce, "Turaren Dubai ne," ko "Na Maiduguri ne." Sunan garin da kwalbar ta fito ya maye gurbin sunayen abubuwan da ke cikinta. Kakanninmu mata kuwa ɗaya bayan ɗaya suke lissafo su: lubban, farce, kajiji, hawi, sandal, ƙaron maje. Kowane suna daga cikin waɗannan yana ɗauke da labarin hanyar da ya biyo, wasunsu ma sun girmi Zangon kansa da dubban shekaru. Idan aka bi sawunsu, za a tarar sun haɗa mu da wasu harsuna biyu da ba kasafai suke faɗo mana a rai ba, wato Ibrananci, tsohon harshen Bani Isra'ila, da Yidish, harshen Yahudawan Turai. A labarin masu waɗannan harsuna akwai darasin da ya shafe mu kai tsaye.

SUNAN HAYAƘI

Bari mu fara da tamu kalmar. Turare 'yar ɗaki ɗaya ce da tururi da turara. Muna turara dambu a madambaci, muna turara ɗaki da kasko, kuma a duka biyun abu ne mai tashi daga zafi ya ratsa wani abu. Yau da turaren kwalba ya cika kasuwa sai mun ƙara da cewa "na wuta" kafin a gane nufinmu, alhali siffar kalmar da kanta tana nuna cewa wuta da hayaƙi su ne tushe.

Ba mu kaɗai muka raɗa suna ta wannan hanya ba. Balarabe yana cewa bakhur, daga tushe ɗaya da bukhar, wato tururi. Kalmar parfum da maƙwabtanmu na Togo da Burkina Faso suka gada daga Faransanci ta samo asali daga Latinanci, ma'anarta "ta hanyar hayaƙi".

A Ibrananci sunan turaren wuta ketoret. Tushensa baƙaƙe uku ne, ƙ da ɗ da r, waɗanda ke nufin tayar da hayaƙi. Wannan tushe na dangin harsunan ne gaba ɗaya: mutanen Saba'u na tsohuwar Yaman suna kiran kaskon turarensu na dutse da suna daga waɗannan baƙaƙe, kuma tsofaffin ƙamusoshin Larabci sun adana miƙɗara da ma'anar kaskon turare. Yidish kuwa kalmomi biyu gare shi. Akwai ketoires, wadda ita ce dai ketoret bisa lafazin Yahudawan Turai, akwai kuma vayrekh, wadda ta fito daga tsohon Jamusanci, aka haɗa ta daga kalmar "tsarki" da kalmar "hayaƙi". Za mu dawo kan dalilin da ya sa suka riƙe biyu.

FARIN ƘARO

Suna na biyu daga launi ya zo. A busassun tsaunukan Zufar ta ƙasar Oman, da Halramautu ta Yaman, da arewacin Somaliya, akwai wata gajeriyar bishiya da ake sassaƙar ɓawonta da wuƙa, sai ta zubo da ruwa fari kamar madara. Akan bar shi ya daskare kimanin mako biyu, sannan a dawo a kankare. Wannan shi ne lubban. Da Ibrananci sunansa lebona, da Larabci luban, dukansu daga tushen l-b-n mai nufin fari. Daga nan laban ya fito, wato nono, daga nan kuma sunan ƙasar Labanan ya fito, saboda farin ƙanƙarar da ke rufe tsaunukanta. Girkawa sun ari kalmar suka ce libanos. Mu kuma muka karɓe ta daga bakin Larabawa muka ƙara mata nauyi, ta zama lubban. Don haka tsohuwar da ke cewa lubban a Mamobi da malamin Yahudawa da ke karanta lebona a Attaura kalma ɗaya suke furtawa.

Wannan ƙaro ya gina birane. Tun a ƙarni na 15 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sarauniyar Masar Hatshefsut ta aika jirage ƙasar Funt don su kawo mata ƙaron turare har da itatuwansa, kuma zanen tafiyar yana nan a bangon haikalinta kusa da Luksor. Daga baya raƙuma suka karɓi aikin. Ayari kan tashi daga kudancin Larabawa ya bi ta Shabwa da Ma'arib da Najran, ya ratsa Hijaz, ya isa Fetra, ya sauke a Gaza bakin teku. Marubucin Rumawa Filini ya ƙidaya zango 65 a kan wannan hanya. A lura da kalmar: zango. Ma'arib ita ce babban birnin Saba'u, ƙasar Sarauniya Bilkisu, kuma littafin Annabi Irmiya ya ambaci lubban da cewa daga Saba'u yake zuwa Ƙudus. Tafiye-tafiyen hunturu da na bazara da Ƙuraishawa ke yi zuwa Yaman da Sham, waɗanda Alƙur'ani ya ambata, a kan wannan tsohon gwadabe suke.

Kalmar ba ta tsaya nan ba. Da fataken Larabawa suka isa tsibiran gabas mai nisa, suka tarar da wani ƙaro mai daɗin ƙanshi a Sumatara, sai suka kira shi luban jawi, wato lubban ɗin ƙasar Jawa. Ibn Baɗuɗa ya siffanta shi a tafiyarsa ta ƙarni na 14. Da ya isa kasuwannin Turai, 'yan kasuwar can suka zaci "lu" ɗin farko harafi ne irin nasu na gaban suna, suka yar da shi, suka rage da benjuwi, daga baya benzoyin. A 1833 wani masanin haɗa sinadarai Bajamushe mai suna Mitscherlich ya tace wani ruwa daga sinadarin wannan ƙaro ya raɗa masa suna benzin. Da wannan suna Jamusawa ke kiran fetur har gobe, Larabawa kuma suka sake aro shi suna cewa banzin. Direban da ke shan mai a Jidda bai san yana kiran sunan lubban ɗin kakanninsa ba ne, bayan ya zaga duniya ya dawo gida da sabuwar riga.

FARCE DA SAURAN GOMA

A Haikalin Ƙudus ana ƙona ketoret sau biyu a yini, safe da yamma, a kan wani ƙaramin bagadi da aka dalaye da zinariya. Attaura, a littafin Fitowa, ta ambaci abubuwa huɗu da ake haɗa shi da su, lubban na cikinsu. Talmud, babban kundin fiƙihun malaman Yahudawa wanda aka kammala a Iraƙi wajajen ƙarni na 6 Miladiyya, ya kai lissafin zuwa 11, kowane da awonsa. Jimillar haɗin shekara guda awo 368 ne da ma'auninsu mai suna mane: 365 na kwanakin shekara, 3 kuma na ranar babban azuminsu ta neman gafara. A cikin jerin akwai mur, da kirfa, da za'afaran, da wani saiwa da suke kira kosht, wanda shi ne ƙusɗu da muka sani a hadisan magani.

Wanda ya fi ɗaukar hankali shi ne na biyu a jerin. Attaura ta kira shi shehelet. Da aka fassara ta zuwa Girkanci a Iskandariyya a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masu fassarar suka sa kalmar da ke nufin farce. Talmud ma ya kira shi tsiforen, wato farce. Larabawa suna da azfar, jam'in zufur, farce ke nan. 'Yan Sudan suna cewa dufra. Mu kuma muna cewa farce. Abin da dukanmu muke nufi shi ne murfin bakin wani dodon koɗi na teku, wanda ake samu da yawa a Bahar Maliya, mai kama da farcen dabba. A nan ba sautin kalmar muka ara ba, ma'anarta muka fassara.

Duk macen da ta taɓa haɗa turare ta san ɗanyen farce ƙarni gare shi, sai an jiƙa an wanke an soya kafin a daka, kuma amfaninsa shi ne kama ƙanshi ya daɗe a jikin tufa. Talmud ma ya ce sai an goge tsiforen da wani irin ruwan toka, a jiƙa shi cikin ruwan inabin tsibirin Ƙubrus, don ƙanshinsa ya yi ƙarfi. Matsala ɗaya, dabara kusan ɗaya, tsakaninsu shekaru dubu biyu. A hadisin Ummu Aɗiyya da Buhari da Muslim suka ruwaito, an hana mai takaba turare, amma an yi mata rangwamen ɗan ƙusɗu da azfar lokacin da ta yi tsarki. Ashe farcen da ke cikin gwangwanin kakarmu sananne ne a Madina tun zamanin Manzon Allah (SAW). Akwai dai inda muka raba hanya da mutanen Haikali: su an hana su sanya zuma ko kaɗan a haɗinsu, mu kuwa da narkakken sukari muke kama namu.

Haɗa wannan turare sana'ar gida ɗaya ce a Ƙudus, gidan Abtinas. Sun san wani ganye da in an sa shi hayaƙi zai miƙe sama sak kamar sanda, kuma sun ƙi koya wa kowa. Talmud ya ba da labari cewa manya sun fusata suka sallame su, suka ɗauko gwanaye daga Iskandariyya, amma hayaƙin baƙin ya riƙa watsewa hagu da dama, dole aka dawo da 'yan gida aka ninka musu lada. Hujjarsu ita ce tsoron kada sirrin ya faɗa hannun masu bautar gumaka. Saboda gudun zargi, ko amarya ba ta fita daga gidansu da ƙanshi a jikinta, kada a ce da turaren Haikali ta yi ado. A shekara ta 70 Miladiyya sojojin Rum ƙarƙashin Titus suka rushe Haikalin, wutar bagadi ta mutu, sirrin ganyen kuma ya bi gidan Abtinas zuwa kabari.

WAƊANDA SUKA RASA HAYAƘI SUKA RIƘE SUNA

Bayan rushewar, Yahudawa ba su mayar da ƙona ketoret zuwa wuraren ibadarsu ba, domin a shari'arsu wannan haɗi na Haikali ne kaɗai. Abin da suka yi shi ne suka mayar da jerin kayan haɗin karatu. Suka sa shi cikin littafin addu'a, wasu suna karanta shi kullum, wasu ranar Asabar. Yaron da aka haifa a ƙauyen Polan ko Lituweniya, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni, bai taɓa ganin bishiyar lubban ba, bai taɓa shaƙar farce ba, amma zai jero maka sunaye 11 da awonsu a ka.

Harshen gidan wannan yaro shi ne Yidish. Ya tsiro kimanin shekaru dubu da suka wuce a tsakanin Yahudawan da ke zaune cikin masu magana da Jamusanci. Gangar jikinsa Jamusanci ce, kalmomin addini da ilimi daga Ibrananci, daga baya kuma ya kwashi na Polanci da Rashanci. Da baƙaƙen Ibrananci ake rubuta shi, daga dama zuwa hagu, kamar yadda malamanmu suka rubuta Hausa da ajami. Harshen 'yan tsiraru ne mazauna unguwanninsu a biranen wasu, wanda ya ari na maƙwabta ya riƙe na gado. Wannan ya bayyana kalmomin nan biyu. Vayrekh ita ce ta kasuwa da titi, ta turaren da ido ke gani ana ƙonawa, kamar na majami'un maƙwabtansu Kirista. Ketoires kuwa ta littafi ce da addu'a, ta turaren da hancin kowa bai ƙara ji ba tun shekara ta 70. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu masu magana da Yidish sun kai kimanin miliyan 11, kuma mafi yawan Yahudawa miliyan 6 da gwamnatin Hitila ta hallaka da shi suke magana. Duk da haka kalmar ta tsira, domin an rubuta ta kuma an ɗora wa yara karanta ta.

DAGA KANO ZUWA GWANJA, DAGA GWANJA ZUWA BAKIN TEKU

To, mu ta yaya lubban da 'yan'uwansa suka iso mu? Ta hanyoyi biyu: ta Sahara daga Tarabulus da Gadamus, da kuma ta gabas, hanyar alhazai da ta ratsa Sudan da Wadai da Barno. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851 ya rubuta kayan da ake shigowa da su kasuwarta. A cikinsu ya lissafa jawi, da kanumfari, da man wardi, da wata saiwa mai ƙanshi da ya ji ana kira simbil, wadda ake tonowa a tsaunukan Turai. Simbil daga Larabci sunbul take, wato zangarniya, kuma 'yar'uwarta ta Ibrananci, shibbolet, tana cikin sunan ɗaya daga kayan nan 11 na Haikali.

Daga Kano sai fataken goro suka ɗauka. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka shahara da hanyar Gwanja. Madugu kan ja ayarin jakuna ɗauke da kanwa, da rigunan saƙi, da jan fata, da tsakiya, da ƙananan kaya marasa nauyi masu tsada irin su turare, a tsallake Kwara, a ratsa Bargu, a sauka Salaga, a sayo goro a juyo. Zuwa da dawowa kan ci watanni, wani lokaci shekara. Kowane masauki a hanya zango ne, inda kuma wasu suka sauke kaya ba su ƙara ɗauka ba, nan ya zama Zango mai babban baƙi. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Haka zama da maɗaukin turare ya bar wa maƙwabta kalma: Yarabawa suna cewa turari, har a fassararsu ta Littafi Mai Tsarki, Dagombawa kuma suna cewa tulaale. Yadda muka ari lubban daga Larabawa, haka wasu suka ari turare daga gare mu.

A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ikon Asante a kan Salaga ya karye, cinikin goro ya fara sauya hanya. A 1877 aka mayar da hedikwatar mulkin mallaka Accra, wadda kakanninmu ke kira Ankara. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa sauran mazaunanta. Cikin waɗanda suka bar ta har da babban malami kuma mawallafi Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna Kete Krachi har rasuwarsa a 1934. Wasu suka gangaro bakin teku, inda tuni Malam Naino ya sami fili ya kafa zango a tsakiyar Accra wajajen 1881. Ɗansa Malam Bako ya kafa Sabon Zango wajajen 1912. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, Bafillace mai fataucin shanu, ya sami izinin zama daga wani gida na mutanen Osu a filin da ya zama Nima, Mamobi kuma ta tsiro a gefenta. Goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko. Alhassan Ɗantata, wanda mahaifiyarsa ta zauna a Accra, yana cikin waɗanda suka yi arziki da wannan sabuwar hanya. Sunan kasuwar Salaga da ke tsohon garin Accra, da sunan garin Kasoa wanda ba komai ba ne illa "kasuwa", shaidu ne na wannan ƙaura.

A duk wannan tafiya maza ne suka ɗauko kayan, amma mata ne suka riƙe ilimin. Wane itace ake fara jiƙawa, yaya ake kama shi da sukari kada ya ƙone, wane haɗi ne na amarya, wanne na mai jego, wanne na tufafi, duk a bakin uwa yake zuwa kunnen 'ya. A watan Nuwamba na 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar Ghana, gidajen Zango da yawa sun wayi gari babu tsofaffinsu. Abin da ke cikin kawunansu ya hau mota tare da su.

ITATUWANMU NA GIDA

Kada mai karatu ya zaci duk ƙanshinmu na aro ne. Bishiyar lubban tana da 'yar'uwa a dajinmu, ita ce hano, wadda wasu ke kira ararraɓi, mai ɓawo yana saɓulewa kamar takarda. Tana fitowa a wurare masu duwatsu daga arewacin Ghana har Kamaru, kuma ana turara ɗaki da ƙaronta da ɓawonta. Masana tsirrai sun sa ta a dangi ɗaya da ta Oman, suka raɗa mata suna Boswellia dalzielii don tunawa da Dalziel, likita ɗan Sikotilan da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, wanda ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Mu lura: sunayen da muke mantawa yau, baƙo ne ya zauna ya rubuta su sama da shekaru ɗari da suka wuce.

Dashi da ake kafa shinge da shi ɗan'uwan bishiyar mur ne. Maje yana ba da ƙaron da ake turare da shi, kuma wata 'yar'uwarsa ta kurmi tana ba da ƙaron da Turawa suka riƙa saye a wannan gaɓa a ƙarni na 19, har suka san wani nau'insa da sunan Accra. Kajiji kuwa saiwar wata ciyawa ce ta fadama da bakin tafki. Waɗannan su ne turaren talaka tun kafin jirgin sama ya fara sauke kwalaben Dubai da Jidda a Kotoka.

Su ma itatuwan suna cikin hatsari. Maje na cikin waɗanda ake sarewa a arewa don yin gawayi, har ta yiwu garwashin da ke cikin kaskonka jikin bishiyar turare ne. Wani bincike da aka wallafa a 2019 kan nau'in bishiyar lubban da ke Habasha da Eritiriya da Sudan ya yi gargaɗin cewa abin da take bayarwa zai iya raguwa da rabi cikin shekaru 20, saboda yawan sassaƙa da gobarar daji da kiwo da ke cinye ƙananan tsiro.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Idan aka ajiye labaran biyu gefe da gefe, abin da ke fitowa a fili shi ne wannan. Su sun rasa hayaƙin kusan shekaru dubu biyu, amma sunayen suna bakin 'ya'yansu. Mu hayaƙin yana tashi a gidajenmu kowace Juma'a, a wajen Maulidi, a zauren zikiri, a ɗakin kowace amarya, amma sunayen suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Yaranmu suna tashi da Turanci a makaranta, da Twi da Ga a titi, kuma wannan arziki ne, babu mai ƙin sa. Sai dai Hausar da ta rage musu takan zama ta gaisuwa da ciniki. Kalmomi irin su hano da dashi da kajiji, waɗanda ba a buƙatarsu wajen shiga tiroto ko sayen kati, su ne na farkon tafiya. Ranar da babu mai iya bambance kajiji da hawi a Nima, za mu ci gaba da sayen turare, amma mun koma masu saye kurum a sana'ar da kakanninmu suka koya wa rabin Afirka ta Yamma sunanta.

Labarin gidan Abtinas ma namu ne. Kusan kowace unguwa tana da Hajiyar da aka san turarenta ya fi na kowa, wadda ba ta faɗa wa kowa abin da take sawa. Tana da hujjarta, domin da shi take ci da marayu. Ba a ce ta tallata sirrinta a kasuwa ba. Amma sirrin da ke cikin kai ɗaya kwanansa ƙidayayye ne, kuma ko mutanen Abtinas, da duk kyakkyawar niyyarsu, sun tafi da abin da ba a sake samu ba.

Maganin ba mai tsada ba ne. Wadda Allah Ya bar mata kaka ko gwaggo mai haɗa turare, ta zauna kusa da ita ranar da za ta yi haɗi, ta riƙe littafi da biro ko ta kunna waya ta naɗi muryarta. Ta tambayi sunan kowane abu, daga ina ake kawo shi, me ya sa ake soya wannan a jiƙa wancan, wa ya koya mata, shi kuma daga wane gari. Wanda ya je sayen turare wurin masu kayan ƙanshi a Nima ko Mamobi, ya sa yaronsa a gaba, ya roƙi mai kayan ya ɗaga kowane ɗaya ya faɗi sunansa da Hausa. Malaman makarantun allo da na Islamiyya, idan karatu ya kawo su kan hadisin ƙusɗu da azfar, su zo da farce a aljihu su nuna wa ɗalibai, su ce ga shi, wannan ne, kuma da harshenmu ga sunansa.

Juma'a mai zuwa, idan an zuba garwashi an kifa kabbasa, a kira ƙaramin yaron gidan a sa masa ƙwayar lubban a tafin hannu, a ce ya faɗi sunanta kafin ya jefa ta a wuta. Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka sauke kaya a wannan zango, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.